Kafin ka sayi inji, fara tambayar inda ake sayar da kayansa



Makon jiya wani ɗan uwa daga Shinkafi ya turo min hoton injin jirgin ruwa, irin wanda ake maƙalawa a bayan kwale-kwale. Na hannu ne, amma fes da shi kamar yau aka ciro shi daga kwali. Ya ce shi da abokinsa suna da burin kafa kejin kifi a dam ɗin Goronyo, suna buƙatar jirgin da za su riƙa kai abinci da ɗauko kifi, ga shi an yi masu tayin wannan da araha. Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai: in an tayar da injin akwai wata fitila da ke ta ƙiftawa, mai sayarwa kuma ya ce ba komai ba ne, lamba ce kawai yake nunawa. Ya saya ko kada ya saya?

Na ce masa kada ya saya. Ba wai na tabbatar injin ya lalace ba ne, wataƙila ma abin da ke damunsa bai taka kara ya karya ba. Dalilina shi ne babu wanda zai karanta masa wannan lambar a kusa da shi, kuma ko an karanta, babu inda zai sayi kayan. A ra'ayina, injin da ba ka da mai gyaransa ba ka da mai sayar da kayansa, aro ka yi, ranar da ya ga dama zai karɓe kansa.

Bari in ɗan yi bayani, don na san da yawanmu ba mu taɓa riƙe irin wannan injin ba. Injinan jirgi iri biyu ne a taƙaice. Akwai na gargajiya mai kabureta, wanda ake haɗa masa fetur da baƙin mai kamar ƙaramin janareta, irin su Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 15 ko 40 da ake gani a wuraren su da fito kamar Yawuri. Wannan ba ya nuna wata lamba. Kunnenka da idonka su ne na'urar bincike. Sai kuma na zamani mai ƙwaƙwalwa, wanda kwamfutar cikinsa ce ke auna masa mai, tana kuma sauraron ƙananan na'urorin da ke jin zafi da ƙarfin batir da sauransu. In wani abu ya saɓa, sai ta ajiye lamba, ta kunna fitila. A injinan Yamaha, misali, 15 na nufin ƙorafi daga ɓangaren na'urar jin zafin inji, 19 kuma ƙarfin batir. Wani kamfanin lambobinsa daban, don haka ba a ɗaukar fassarar wannan a ɗora wa wancan.

Inda mutane ke yin asara shi ne nan: lambar ba ta ce "sayo kaza" ba. Cewa take "ga inda nake jin ciwo". In ta nuna 15, yana iya zama na'urar ce ta mutu, yana iya zama waya ce ta tsinke, yana iya zama tsatsa ce ta ci bakin soket. Wanda ya ruga ya sayo sabuwar na'ura alhali waya ce ɓera ya gaigaya, ya zubar da kuɗinsa, fitila kuma tana nan tana ƙiftawa.

To, wani zai ce mu me ya haɗa mu da injin jirgi? Gaskiya ne. Gulbin Gagare da ya ratsa ta Kaura Namoda, da Bunsuru da ya bi ta wajen Zurmi, da damina ne suke cika su batse, da rani kuwa yashi ne, yara na ƙwallo a ciki. Ba ruwan jirgi mai inji ba ne. Injinmu mu a nan shi ne na ban ruwa, da janareta, da sumo na rijiyar burtsatse. Amma cutar iri ɗaya ce, kuma ni ta taɓa kama ni, shi ya sa hoton nan ya tsaya min a rai.

Shekarar da na gama bautar ƙasa na gina kwami biyu a bayan gidan kawuna, na zuba 'ya'yan tarwaɗa dubu ɗaya. Na yi lissafin abinci har na wata biyar, na yi na magani, na yi na fetur, duk a rubuce kamar yadda aka koya mana a makaranta. Layi ɗaya ne babu a takardar: kayan gyaran inji. Ana cikin zafin watan Afrilu, kifi sun kai wata uku, suna cin abinci sosai, ruwa na ɓaci da wuri, sai injin ban ruwa ya fara wani hali. A ja igiya ya tashi, ya yi daƙiƙa kaɗan, ya mutu. Na kira wani yaro mai gyaran babur, ya ce fulogi ne. Muka sauya. Ya ce kabureta ce. Muka sayo sabuwa. Ya ce to lallai kwayil ne, shi kuma ba a samu a gari ba sai an aika Gusau. Kwana biyu ruwa bai sauya ba. Ran na uku da asuba na leƙa, wari ya buge ni tun daga nesa, kifi sun taso sama sun yi cirko-cirko, wasu sun juya ciki. Ranar sai da muka kwashe sama da ɗari biyu, sauran kuma suka yi mako ba su dawo da cin abinci yadda suka saba ba.

Wani dattijo mai gyaran injinan 'yan fadama ne kawu ya kira. Bai ko taɓa sifana ba. Ya dubi inda na ajiye injin, ya buɗe murfin baƙin mai, ya leƙa, ya ce, "Ɗana, wanga inji lafiya tai lau. Mai ne ya yi ƙasa, kuma kun aje shi a karkace." Ya cika mai, ya sa bulo ya daidaita shi, ja ɗaya ya tashi. Na ce, "Baba, shi ke nan?" Ya ce, "Shi ke nan. Tun shekaranjiya yake hwaɗa maku, ba ku ji ba."

Abin da ya faru shi ne, irin waɗannan injinan, wato Honda GX160 da ɗimbin 'yan kwaikwayonsa da suka cika kasuwa, da yawansu suna da na'urar da ke kashe inji in baƙin mai ya yi ƙasa, don kada ya buga. Man da yake ɗauka gaba ɗaya bai wuce kusan lita 0.6 ba, don haka raguwa kaɗan, ko ajiye shi a gangare, ya isa ta kashe shi. Tashi ya mutu ɗin nan ita ce lambarsa, ba shi da allo ne kawai. Kuma don Allah, in wani ya ce maka a cire wayar na'urar nan a huta, kada ka yarda. Na ga masu yi. Inji zai daina mutuwa, gaskiya ne, har ranar da zai buga gaba ɗaya.

Tun daga ranar na koyi bin abu daki-daki, daga mai araha zuwa mai tsada. In inji ya ƙi tashi, akwai fetur? Famfon man a buɗe yake? Baƙin mai ya kai baki? Sannan a ciro fulogi a duba launinsa a ga ko yana ba da wuta. Tazarar bakinsa milimita 0.7 zuwa 0.8 ce. Sannan soson iska, wanda ƙurar hunturu ke toshewa cikin 'yan kwanaki a wajenmu. Kabureta kuwa galibi wanki take so, ba sauyi ba, musamman ga mai sayen fetur a galan a bakin hanya, inda ruwa da datti ke shiga.

In kuwa inji na aiki amma ruwa ba ya fitowa, a bar injin ya huta da zargi. Duba ko an cika tukunyar famfon da ruwa kafin tayarwa. Duba tiyon zuƙo ko yana shan iska ta wani ɗan tsagu ko ta wajen ɗauri. Sannan ka tuna irin wannan famfo ba ya iya zuƙo ruwan da ya yi ƙasa fiye da mita bakwai zuwa takwas, komai sabuntarsa. Da bazara, in ruwan rijiya ya ja baya, sai ka ji mutum na cewa injinsa ya mutu, alhali ruwa ne ya gudu. Yana ta barinsa yana juyi babu ruwa, har sil ɗin da ke tsakanin inji da famfo ya ƙone, sai a sami gyara na gaske wanda da babu shi. Haka ma yake a injin jirgi: akwai wata roba mai fuka-fukai da ke tura ruwan sanyaya inji, in aka tayar da shi a tudu babu ruwa, nan da nan take lalacewa. Shi ya sa masu jirgi ke yawan waiwayen ɗan siririn ruwan da ke tsartuwa ta bayan inji. Ya tsaya, a kashe.

Maganar kayan jabu ba sai na tsawaita ba, kowa ya sani. Kwali ɗaya, suna ɗaya, farashi uku. Ni dai abin da nake yi, ina tafiya da tsohon in gwada da sabon, ina kuma rubuta lambar da ke jikin injin a waya, don "irin na ban ruwa" ba suna ba ne. Abin da ke da wuyar kuncewa, kamar sil da zoben fistan, nan nake cije haƙori in sayi mai kyau. Igiya da soson iska, na tsakiya ma ya isa.

Abin da ya sa nake ganin maganar nan ta fi nauyi a kanmu fiye da mai kiwo a Kano ko Zariya, ita ce hanya. Mutumin Kano in sil ya ƙone, zai hau adaidaita zuwa Kofar Ruwa ko Sabon Gari ya dawo kafin la'asar. Kai da ke Zurmi ko Shinkafi fa? Kowa ya san halin da hanyoyinmu ke ciki, ba kullum ake bin su ba, ba kuma kowane lokaci ba. Mun ga abin da ya faru a watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara, aka dakatar da kasuwannin mako, aka hana sayar da fetur a jarka saboda matakan tsaro. Wanda ya dogara da "zan kira a aiko min" a lokacin ya ga ta kansa. Kifi kuwa ba su san an rufe hanya ba. Tarwaɗa tana da juriya, tana iya haɗiyar iska daga sama, amma dattin da ke taruwa a ruwa ba ya ɗaga mata ƙafa. Karfasa da ƙananan 'ya'yan kifi ba su ma kai nan ba. Masu kaji ma kada ku ce ba da ku ake ba: kajin ƙwai su wuni babu ruwa a zafin bazara, sai ka ga abin a kiret na kwanaki masu zuwa, in ma ba ka kwashi gawa ba.

Na san abin da wasu za su ce, kuma suna da gaskiyarsu. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, tsohon inji mai shan fetur ya zama kaya, na zamani ya fi tsimi, sola kuma ta fi duka. Ban musa ba, ni ma yanzu sumo mai sola ce ke cika min tanki. Amma ita ma akwatin da ke sarrafa ta yana magana da fitilu ko lambobi: ruwa ya yi ƙasa a rijiya, hasken rana bai isa ba, tanki ya cika, famfo ya cije. Haka na'urar ƙyanƙyasar ƙwai, in abin jin zafinta ya samu matsala. Kafin in biya kuɗi sai da na sa mai haɗawa ya zauna ya fassara min kowace fitila, na rubuta da Hausa na manna a bango, na karɓi littafin, na tambaye shi in akwatin ya ƙone ina ake samun wani kuma kwana nawa. Wanda ya kasa amsa waɗannan, ko ya ce "ai ba ya ɓaci", ka riƙe kuɗinka. Tsohon injin fetur ɗin kuma ban sayar ba. Yana nan a lulluɓe, duk Juma'a ina tayar da shi na 'yan mintuna.

A gefensa akwai wani tsohon bokitin fenti mai murfi. Ciki akwai fulogi biyu, sil ɗaya, igiya, soson iska, litar baƙin mai, sifanar fulogi, da robar tayar babur ta ɗaure tiyo. Duka kuɗinsu bai kai na buhun abincin kifi ɗaya ba. Duk mai turo min lissafin fara kiwo in duba masa, in ban ga wannan layin ba, mayar masa nake ya ƙara.

Shi kuwa ɗan uwanmu na Shinkafi, na ce in da gaske suke, su fara zuwa bakin ruwan da za su yi aikin, su ga wane inji ne masu jirgin wurin suke amfani da shi, wa ke gyara masu, ina suke sayen farfela da robar ruwa. Abin da suka gani shi za su nema, ko da ya fi wancan tsufa da muni. Jiya ya sake turo min saƙo, wai mai injin ya ƙara rage masa kuɗi.