Kada a yar da farantin renon bakteriya

Tun 1892 likita Albert Döderlein na Jamus ya gano cewa gaban mace mai lafiya cike yake da bakteriya masu amfani, dangin Lactobacillus, masu fitar da tsamin da ke korar miyagun ƙwayoyin cuta. Yau wasu masana na cewa renon ƙwayoyin a faranti ya tsufa, tunda na'urar karanta DNA na bayyana ire-iren da ba sa tsirowa cikin sauƙi. Suna da hujja: Lactobacillus iners, duk yawansa a jikin mata, sai 1999 aka tantance shi, don yana ƙin tsiro a abincin da ake ba danginsa.

Amma na'ura suna kawai take kira. Ba ta nuna wa likita kai tsaye ko maganin metronidazole zai kashe ƙwayar da ke damun mace, ba ta kuma miƙa masa ƙwaya mai rai da zai yi magani da ita. Maganin Lactin-V, da aka yi da rainannen Lactobacillus crispatus, ya rage dawowar ciwon da miyagun ƙwayoyi ke jawowa a gaban mace daga kashi 45 zuwa 30 cikin ɗari a gwajin Amurka da aka wallafa a 2020, kuma daga faranti aka samo shi.