Yaƙi da tsangwama daga lakwal zai fara

Fataken da ke bin hanyar Waca, Magarya da Dungas har zuwa Kano sun daɗe da sanin ƴan daudu, masu tuƙa tuwo da suyar kaji a tashoshin ƙasar Hausa. An ci abincinsu shekara da shekaru. Amma yau kalmar "ɗan daudu" ta zama makami a bakin yara ƴan lakwal: wanda muryarsa ta yi laushi, ko bai son kokawa, sai a liƙa masa ita, har ya ƙaurace wa aji. Ba kowane ɗan daudu ke neman maza ba, kuma ba kowane mai neman jinsinsa ke daudanci ba, amma bakin jama'a bai tantancewa.

Abin da ya fara da ba'a yakan ƙare da jifa. A watan Janairu na 2014, bayan Najeriya ta sa hannu kan dokar hana auren jinsi mai ɗaurin shekara 14, taron jama'a ya jefi kotun shari'a a Bauchi yana neman a miƙa masa waɗanda ake tuhuma. A watan Fabrairu aka fiddo wasu daga ɗakunansu a unguwar Gishiri ta Abuja, aka yi musu dūka. Damagaram ma ta ɗanɗana hukuncin titi a Janairun 2015, sa'ad da aka ƙone coci-coci. Wutar da taro ya kunna ba ta tambayar rumfar wa ta kama.

Ba a neman mushe ya canza wa yaro addini, ko ya halasta abin da malamai suka haramta. Suratul Hujurat da kanta ta hana jifan juna da miyagun laƙabobi, ta hana mugun zato da bin diddigin asirin mutane. Ilimin zamani ma ya faɗi tasa: tun ranar 17 ga Mayu 1990 Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire sha'awar jinsi ɗaya daga jerin cututtuka. A 2014, a birnin Luwanda, Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Afirka ta zartar da ƙuduri mai lamba 275, wanda ya yi tir da cin zarafin irin waɗannan mutane.

Saboda haka wajibi ne darasin tarbiyyar ɗan ƙasa, daga firamare har kwaleji, ya koya wa ɗalibai abu uku: zargi ba shaida ba ne, hukunci aikin alƙali ne, mutuncin ɗan Adam kuwa ba a tauye shi saboda tafiyarsa ko muryarsa. Sufetocin ilimi na Magarya da Dungas su ɗauki irin wannan zagi a matsayin laifin da ake tsawatarwa, ƙungiyoyin iyayen yara kuma su mara musu baya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da aka bari ya jefi ɗan ajinsu yau, gobe shi zai jagoranci masu fasa kanti.