Ƙudan Zuman da Ba Shi da Amya

Duk wanda ya taɓa zama ƙarƙashin tsohuwar rumfa a Kaya ko Maradun da hantsi, ya ga garin itace yana zubowa daga azara kamar ana tankaɗe, ya ɗaga kai ya hangi wani ƙaton baƙin ƙwaro yana shiga rami mai faɗin ɗan yatsa, to, ya ga ƙudan zuma, ko da yake galibin mutanenmu ba za su yarda da wannan suna ba, domin a wurinsu ƙudan zuma shi ne mai amya da saƙa da sarki. Alhali kuwa masana sun ƙididdige jinsin wannan halitta wajen 20,000 a duniya, kuma mafi yawansu ba su da jama'a, ba su tara zumar da mutum zai ɗiba. Kowace uwa ita kaɗai take gina ɗakinta, a busasshen itace, ko cikin kara, ko a ƙasa mai tauri.

Aikin uwar abin lura ne. Idan ta gama huda ramin, sai ta yi ta kai da komowa tsakanin furanni, tana tara bununi, tana cuɗa shi da ruwan zaƙin fure har ya zama ɗan dunƙule kamar fura, ta saka ƙwai ɗaya a kansa, ta toshe da bango na garin itace, sa'an nan ta soma wani ɗakin a gabansa. Wata ƙanwarta kuma ganye take yankowa, yanka mai da'ira kamar anini, ta shimfiɗe ɗakin da shi. Manomin da ya ga ganye da irin wannan gibi yakan zaci ɓarnar tsutsa ce. A yawancin jinsunan uwar takan mutu ba ta ga 'ya'yanta ba, guzurin da ta bari shi ne tarbiyyarsu duka.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, tun da aka gama madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, ƙasar Talata Mafara da Bakura ta zama ƙasar noman rani, kuma furen tumatir da na yalo, waɗanda ake dasawa a fadamunta, ba ya sakin bununinsa sosai sai an girgiza shi. Ƙudan amya bai iya wannan girgiza ba. Wancan baƙin mai huda azara da 'yan'uwansa su ne suke kama fure su kaɗa shi da rurin jikinsu har garin ya zubo, kuma su ne masu ƙarfin buɗe furen wake. Wani bincike da aka buga a 2017 a kan gonakin Burkina Faso ya nuna auduga da riɗi sun fi yabanya da nauyi inda ƙudaje, na amya da na daji, suka ziyarci furanninsu.

To, da me muke saka musu? Da ƙunar daji bayan kaka, wadda take cinye karan da ƙwayayen suke kwance a ciki. Da sarar kowane busasshen reshe domin gawayi. Da kuma feshin maganin ƙwari da sassafe, daidai lokacin da furen wake yake buɗe, ƙudaje suna kansa. Na ƙarshen nan ya fi ci mini rai, domin gyaransa ba ya bukatar ko sisi: wanda ya jinkirta feshinsa zuwa bayan la'asar sakaliya, furanni sun rufe, ya kashe maƙiyinsa ya bar mai taimakonsa.

Malamanmu, Allah Ya ƙara musu ilimi, sun san hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito daga Ibnu Abbas, wanda ya hana kashe ƙudan zuma tare da tururuwa da alhudahuda, sun kuma san sura guda ta Alƙur'ani sunan ƙudan zuma take ɗauke da shi. Ko hukuncin ya haɗa da wanda ba ya zuma, wannan mas'ala ce ta ma'abota fiƙihu, ba tawa ba. Amma ina ganin maslaha ta isa hujja. Malamin gona da ke zagaya fadamun Bakura, idan ya gama bayanin taki da iri, ya ƙara da cewa a bar kututture ɗaya ko biyu a gefen gona, a bar karan shinge ya kai damina ba a cinna masa wuta ba.