Tsibirin Poveglia Ya Fi Ƙarfin Labarin Fatalwa

A tafkin da birnin Venis na Italiya ke zaune, akwai wani ɗan tsibiri mai suna Poveglia wanda ya zama kufai tun 1968. Masu shirye-shiryen talabijin da na YouTube sun laƙaba masa sunan matattarar fatalwa. Suna cewa an ƙone gawar mutum 160,000 a wurin lokacin annoba, har rabin ƙasarsa ta zama toka, kuma wai wani likitan mahaukata ya faɗo daga hasumiya saboda fatalwowi sun addabe shi. Wannan labari yana cin kasuwa, amma yana zaluntar tarihi.

Abin da aka tabbatar ya fi haka armashi. Poveglia gari ne mai jama'a har zuwa 1379, lokacin da yaƙin Venis da Genoa ya sa aka kwashe mazaunansa zuwa tsibirin Giudecca. A 1776 hukumar lafiya ta Venis ta mayar da shi wurin binciken jiragen ruwa, kuma sai a 1793 aka fara killace masu annoba a can. Manyan annobar da suka yi wa Venis kisan kiyashi kuwa sun auku a 1575 da 1630, tun kafin wannan aiki ya zo tsibirin. Asibitin masu annoba na asali yana tsibirin Lazzaretto Vecchio, wanda aka buɗe a 1423, kuma a can ne masu tono suka gano ƙasusuwan mutum fiye da 1,500.

Wani zai ce tatsuniyar ce ta raya sunan tsibirin, in ba don ita ba da an manta da shi. To, shekara da shekaru ana yaɗa ta, amma rufin tsohon asibitin da ke Poveglia na ci gaba da ruftawa, itatuwa na tsirowa ta tagogi. Da gwamnati ta sa tsibirin a gwanjo a 2014, har ɗan kasuwa Luigi Brugnaro ya taya Yuro 513,000, waɗanda suka tashi tsaye su ne mutanen Venis, ƙarƙashin ƙungiyar Poveglia per Tutti, suka tara kuɗi don wurin ya zama na kowa. Hujjarsu tarihi ce da haƙƙin jama'a.

Tatsuniya tana da wurinta, amma a faɗe ta a matsayin tatsuniya. Abin da ya cancanci a koya wa yara game da Poveglia shi ne yadda Venis ta tsare kanta daga cuta ta hanyar killace jiragen ruwa.