Raddi ga Mai Cewa Caca da Hannun Jari Uwarsu Ɗaya

Wani ɗan'uwa mai ilimin boko a nan Zuru ya daɗe yana yaɗa magana a majalisun matasa, wai caca a kan ƙwallo, da sayen hannun jari, da ba wa ɗan kasuwa jari duk abu ɗaya ne, malamai da fastoci ne kawai suka raba su. Ban zargi niyyarsa ba. Amma maganar ta shiga kunnen ɗalibai da 'yan acaɓa, har wasu sun fara kiran tikitin caca "zuba jari". Shi ya sa zan bi hujjojinsa ɗaya bayan ɗaya.

Ya fara da harshe. Ya ce Turawa, waɗanda suka ƙago kasuwar hannun jari, suna da kalma guda da suke kiran rabon mutum a kamfani da ita, da kuɗin da ɗan caca ya ajiye, da jarin da aka ɗaure wa wani gindi da shi. Gaskiya ne akwai kalmar. Sai dai tarayya a suna ba ta zama tarayya a hukunci, kuma su masu harshen ba su ruɗe ba. A Ingila hukumar da ke sa ido kan caca daban take da mai sa ido kan kasuwar kuɗi. A Najeriya ma haka. Hukumar SEC ce ke kula da hannun jari, caca kuwa Kotun Ƙoli ta yanke a Nuwamba 2024 cewa hurumin jihohi ce, ta soke aiki da dokar caca ta tarayya ta 2005 a cikinsu. Wannan hujja ba ta buƙatar fiye da haka.

Hujjarsa ta biyu ta fi nauyi, kuma a kanta zan tsaya. Ya ce duka ukun kasada ce: ka sa kuɗi, ba ka san gobe ba. Har ya ce manomin dawa a Dabai ko Ribah ɗan caca ne, tunda bai san yadda damina za ta kaya ba. To, ba kasada ake tambaya ba. Abin tambaya shi ne, daga ina ribar take fitowa? Saurayin Dakarkari da ke yin golmo yana shekaru yana noma gonar surukinsa, kuma ko yaya lamarin ya ƙare, hatsi ya shiga rumbu, an samar da abin da da babu shi. Wanda ya sayi hannun jari a kamfanin siminti na BUA ya mallaki wani ɗan yanki na masana'antar Kalambaina da ke Sakkwato, ribarsa kuma daga buhunan da aka sayar wa magina take. Mai gini ya sami siminti, ma'aikaci ya sami albashi, shi ya sami rabonsa, ba wanda aka kwashe wa aljihu. A shagon caca kuwa ba a samar da ko ƙwayar gero. Duk nairar da ɗaya ya ci, daga aljihun wani ta fito, bayan mai shago ya cire nasa.

Ga lissafin yadda yake cirewa. A ce wasa ne da ƙarfin ɓangarorin biyu ya zo ɗaya, aka sa 1.90 a kowane, wato duk naira ɗaya da ta ci za a biya 1.90. Mutum 100 sun sa Naira 1,000 kowannensu a nan, wasu 100 sun sa a can. An tara 200,000, za a biya waɗanda suka ci 190,000, kamfani ya riƙe 10,000 ko wa ya yi nasara. Yaron da ya jera irin waɗannan wasanni 10 a tikiti ɗaya kuwa, damar cinsa 1 ce cikin 1,024. Mai shagon ba ya caca ko kaɗan, ciniki yake yi a kan masu yin ta. Ina mamakin yadda mai ilimi irin ɗan'uwan nan ya tsallake wannan lissafi.

Na uku, ya kawo faɗuwar kasuwar hannun jari ta 2008, lokacin da mutane da yawa, har da 'yan fansho, suka ga abin da suka saya bayan haɗe bankuna na 2005 ya zube. Wannan ya faru, kuma ya yi zafi. Zan ƙara masa da cewa wanda ke saye da safe ya sayar da yamma a kan jita-jita, bai san ma me kamfanin ke yi ba, ya kusanci ɗabi'ar ɗan caca. Amma wanda farashi ya faɗi a kansa, in kamfanin bai rushe ba, rabonsa na nan, ana iya biyansa riba a ƙarshen shekara, yana da ƙuri'a a babban taro, magadansa za su gada. Tikitin caca fa? Alƙalin wasa na hura tashi ya zama takarda. MMM da ta daskare a Disamba 2016 da CBEX da ta rufta a Afrilu 2025, waɗanda shi ma ya ambata, ba hannun jari ba ne, damfara ce da ake biyan na farko da kuɗin na baya.

Na huɗu, ya ce raba su sabon abu ne da malaman zamani suka ƙirƙiro don bankin Jaiz ya sami kasuwa. Jaiz ya fara aiki a 2012. Ƙiradi kuwa, wato mai dukiya ya ba da jari, mai ƙwazo ya juya, su raba riba bisa kason da suka yi yarjejeniya, yana da babi sukutum a Muwaɗɗa ta Imamu Malik, yana cikin Risala da Mukhtasar da ake karantawa a zaurukanmu. Ƙa'idarsa ita ce in an yi asara ba da sakaci ba, mai dukiya ya rasa dukiya, mai aiki ya rasa wahalarsa. Annabi (SAW) ya yi fatauci zuwa Sham da dukiyar Nana Khadija. Caca kuma an hana ta a Suratul Ma'ida, aya ta 90 da 91, tare da giya. A 1992 Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda, ta halatta hannun jari a kamfanin da sana'arsa halal ce. Ko a gidajenmu, matar da ta ba da akuya kiwo a raba 'ya'ya ba ta taɓa ɗaukar kanta 'yar caca ba.

Ya rufe da cewa talaka ba shi da kuɗin hannun jari, caca ce kaɗai ƙofarsa. Wannan ce ta fi ɓata mini rai, domin rashin aikin yi a ƙasar Zuru gaskiya ne, kuma 'yan bindiga sun raba mutane da yawa da gonakinsu a Danko-Wasagu da Sakaba. Amma lokacin da MTN ya sayar wa jama'a hannun jari a Disamba 2021, Naira 169 ne guda, mafi ƙaranci guda 20, wato 3,380. Yaron da ke sa 500 kullum a tikiti ya wuce wannan a mako guda.

Ɗan'uwa, in kana son kare caca, kare ta da sunanta, mu yi muhawara a kan haka. Amma ka daina gaya wa ƙannenmu cewa jari suke zubawa. Allah ne mafi sani.