Raddi Ga Masu Cewa Katolika Sun Yi Ƙari a Littafi Mai Tsarki

A birnin Sakkwato, inda dayosis ɗin Katolika, wato yankin da bishop ɗaya yake jagoranta, ya kafu tun 1964, akan ji wasu mabiya ɗarikun Furotesta suna kafa hujjoji uku a kan Katolika, kuma kowace hujja tana da amsarta.

Hujja ta farko ita ce wai a taron shugabannin ikkilisiya na Tirent a 1546 Katolika suka cusa littattafai bakwai a Littafi Mai Tsarki, shi ya sa nasu ya kai 73 alhali na Furotesta 66 ne. Tarihi bai goyi bayan wannan ba, domin littattafan nan, irin su Tobit da Sirak, suna cikin tsofaffin kwafe-kwafen Saftuwajin, fassarar Tsohon Alkawari zuwa Girkanci wadda Kiristocin farko suka yi aiki da ita, kuma taron Kartaj na 397 ya lissafa su. Gaskiya ne malami Jerom ya yi shakkar matsayinsu, amma Luta kansa, jagoran Furotesta na farko, bai jefar da su ba, sai ya ware musu wuri a fassararsa ta 1534. A 1826 ne ƙungiyar buga Littafi Mai Tsarki ta Birtaniya ta daina buga su, kuma ita ce ta fitar da fassarar Hausa ta 1932, wadda mai karatu ya tashi ya tarar babu su a ciki.

Hujja ta biyu ita ce wai Almasihu ya soki al'ada a Markus sura 7, alhali Katolika suna riƙe da al'adar ikkilisiya. Abin da ya soka shi ne al'adar da ke ture umarnin Allah, kuma Bulus a wasiƙarsa ta biyu ga Tasalonikawa ya umarci masu bi su riƙe abin da aka koya musu, da baki ko a rubuce.

Hujja ta uku, wadda ita ce gindin sauran, ita ce wai nassi kaɗai ya isa hujja. Sai dai babu ayar da ta jera littattafai 27 na Sabon Alkawari. Jerin ya zo ne ta hannun ikkilisiya, kamar yadda Atanasiyus na Iskandariya ya rubuta shi a 367. Wanda ya karɓi jerin nan ya riga ya karɓi shaidar magabata, ko ya so ko ya ƙi. Katolika kuwa, a takardar Dei Verbum ta 1965, sun tabbatar cewa hukumar koyarwa ta ikkilisiya mai hidima ce ga Maganar Allah, ba ta bisanta.