Masu Nutso a Taraba: Idan Kunne Ya Fashe, Ina Za a Kai Mutum?

'Yan uwa mazauna Agege, Sabon Ibadan, Lokpanta da sauran zangonninmu, duk wanda ke jiran tirelar shanu daga kasuwar Iware ya san wahalar da aka shiga tun da gadar Namnai ta karye a 2024, a kan hanyar Jalingo zuwa Wukari. An yi ta maganar asarar 'yan kasuwa da kuɗin fito. Ni abin da ya dame ni daban ne: yaran da ake turawa ƙarƙashin ruwa idan babur ko kaya ya nutse.

Ɗan ƙanin mahaifina yana cikinsu. Ba shi da tukunyar iska a baya irin ta masu nutson kamfanonin mai a Fatakwal, numfashinsa kawai yake riƙewa. Ranar da abin ya same shi yana fama da mura. Ya ce ya ji ƙara a kunnen hagu, ruwan sanyi ya shige, jiri ya kwashe shi, da ƙyar ya gane ina ne sama. Da ya fito, jini kaɗan na biyo kunnen.

Abin da likita ya bayyana mana daga baya shi ne, nauyin ruwa na danna dodon kunne, kuma a zurfin mita 10 matsin ya ninka na kan tudu. Akwai 'yar hanya daga bayan hanci zuwa cikin kunne da ke daidaita iska. Mura na toshe ta. In ta toshe, ba sai an kai mita 10 ba fatar take yagewa.

Amma kafin mu kai ga wannan likitan mun ɓata mako uku a Jalingo. Mai kemis ya ba da maganin ɗigawa ba tare da ya leƙa kunnen ba. Gwaggo ta ƙara da man zaitun mai ɗumi. Wani ƙaramin asibitin kuɗi ya yi masa allurai, ya ce taifod ne ke kawo jirin. Ni kuma daga Legas sai tura kuɗi nake yi, ina ganin taimako nake. Wallahi kuɗina ne ya sayi abin da ya sa kunnen ya fara mugunya.

To ga inda nake ganin matsalar take. Ƙaramar huda a dodon kunne galibi tana haɗewa da kanta cikin makonni, matuƙar ruwa bai shiga ba kuma ba a zuba komai ba. Wasu magungunan ɗigawar ma, in akwai huda, suna iya wucewa ciki su lalata ji gaba ɗaya. Wato abin da ya fi arha, a bar kunne a bushe a je a duba shi, shi ne wanda ba wanda ke faɗa wa yaran nan. Idan kuwa jiri ya ƙi tafiya, ko kunne na ta ƙugi, ko ji ya ɗauke, wannan ba na jira ba ne, mai yiwuwa raunin ya kai can ciki.

Wanda ake nema shi ne likitan kunne, hanci da maƙogwaro, kuma su 'yan kaɗan ne. Ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate da bakinsa ya ce a 2024 likitoci 15,000 zuwa 16,000 sun bar Najeriya cikin shekara biyar. In Legas ta ji a jikinta, ina ga Taraba?

Duk da haka hanya tana nan. A Jalingo a fara da FMC ko Asibitin Ƙwararru na jiha, a faɗa tun wurin yankar kati cewa likitan kunne ake nema, kuma a ambaci nutso. In aikin ya fi ƙarfin wurin, a karɓi takardar turawa zuwa asibitin koyarwa na Yola, ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1999. Kaduna tafiyar yini ce cur, ga kuɗin mota ga masauki, shi ya sa da yawa ke haƙura da kemis. Mu da ke kudu kuma muna da LUTH a Idi-Araba da UCH a Ibadan, kusa da unguwanninmu. Ɗan uwanka zai iya biyo motar kaya ya sauka a ɗakinka.

Ban ga dalilin da zai sa hukumomin agajin gaggawa su riƙa dogaro da yaran gari a duk hatsarin kwale-kwale, amma ba mai duba kunnensu bayan sun fito ba. Haka sarakunan Hausawa da shugabannin kara. Ana tara kuɗin kai gawa gida cikin awa ɗaya, amma ban taɓa jin an tara na gwajin ji ba.

Shi dai nawa, an tsayar da mugunyar, amma hudar ba ta rufe ba, an ce sai an yi masa faci da tiyata. In za ka yi masa magana sai ka zagayo ta dama. Makon jiya ma an zo kiransa, injin wani kwale-kwale ya faɗa ruwa. Mahaifina ne ya hana.